Abin da tsohuwar Starlet ta koya mini game da batir da zafi

Sauke injin fetur daga tsohuwar mota ba ya gagarar kowane garaji a Damagaram. Ka cire inji, radiyeta, tankin mai da salansa, gaban mota ya zama fili, maƙwabta su leƙo su ce aiki ya yi nisa. Alhali ba a fara ba. Sana'ata gyaran wutar mota ce, kuma da ni da maigidana muka mai da wata Toyota Starlet da injinta ya gaji ta koma amfani da kuran, a tsakar gidansa. Abin da ya fi zauna mini a rai shi ne, aikin nan na mai awo ne. Kunne da hannun da bakanike ke taƙama da su ba su wadatar.

Mai ne ya tura mu. Matatar SORAZ tana nan arewa da gari tun 2011, da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana, amma shekara da shekaru kwalaben ƴan ruwa-ruwa, masu sayar da man Najeriya mai araha a bakin titi, ne ke riƙe da masu kabu-kabu da ƙananan motoci. Da Najeriya ta janye tallafin mai a 2023 wannan arahar ta tafi, kuma kowa ya tuna layukan gidajen mai na watan Maris na 2025.

Darasin farko a takarda yake, kafin a taɓa sifana. Litar fetur ɗaya tana ɗauke da ƙarfi kusan kilowat-awa 9, amma inji yana zubar da kusan kashi uku cikin huɗu a zafi da hayaƙi. Injin lantarki kuwa yana kai kusan kashi 90 cikin 100 ga aiki. Saboda haka ƙaramar mota tana cin kilowat-awa 12 zuwa 15 a kilomita 100. Mun jera ƙwayoyin batirin litiyom 30, irin wanda ake kira LFP, kowace bolt 3.2 da amfiya-awa 100. Jimla bolt 96, kilowat-awa 9.6. In ka bar ɗan saura don kada batir ya wahala, tafiyar kilomita 50 zuwa 60 ke nan. Ta kai ka Mirya ta dawo da kai, ta yi zirga-zirgar Birni da Zango da kasuwar Dole har yamma. Maradi kuwa, da ta haura kilomita 200, kada ma ka sa ta a rai.

Da farko maigida ya so mu yi da batiran dalma, tunda suna ko'ina a kasuwa. Ya ce, "Yaro, takwas na bolt 12 ba bolt 96 ba ne? Me ya kai mu sayen mai tsada?" Na ce, "Maigida, lissafinka daidai ne, amma a ɗora su a sikeli." Kowane ɗaya ya kusa kilo 30, takwas sun doshi kilo 240, a motar da ita kanta ba ta kai tan ɗaya ba. Kuma rabin abin da ke cikinsu kawai za ka iya sha in kana son su daɗe. Batirin tada mota ma ba a yi shi don a riƙa zuƙe shi ƙarƙaf ba, ɗan lokaci zai yi ya mutu. Maigida ya yi shiru, ya ce a nemo na litiyom ɗin.

Sai zafi, wanda a ganina shi ne ainihin abokin gabar wannan aiki a ƙasarmu. Yawancin bayanin da ake samu a intanet mutanen ƙasashen sanyi ne suka rubuta, damuwarsu yadda za su ɗumama batir. Mu a Afrilu da Mayu awon zafi yana wuce 40 a inuwa, cikin motar da aka rufe a rana kuwa ya fi haka nesa. Batirin dalma, duk ƙarin zafi na maki 8 zuwa 10 sama da 25 yana rage rabin rayuwarsa. Na litiyom ya fi juriya, amma yawancin masu ƙera shi sun hana a yi masa caji in ya wuce maki 45. Ko Nissan Leaf ta farko, ta 2010, da kamfani ya ƙera da injiniyoyinsa, batiranta sun yi saurin gajiya a jihar Arizona ta Amurka saboda ba su da abin sanyaya su. To ina ga akwatin da muka haɗa da walda? Dole muka sa shi ƙasa-ƙasa, muka bar tazara tsakanin ƙwayoyi, muka sa fanka da matatar iska saboda ƙurar hunturu, muka manna ma'aunin zafi a tsakiyar jeri, inda iska ba ta kaiwa sosai.

Ƙwayoyin nan kamar ayarin raƙuma suke, da mafi rauni ake yanke zango. Ɗaya ta riga sauran ƙarewa, tafiya ta ƙare, in ka matsa kuma ka kashe ta. Shi ya sa na'urar BMS, mai duba kowace ƙwaya tana yanke wuta in abu ya wuce iyaka, ba abin da za a yi wa rowa ba ne.

Injin lantarkin kansa bai ba mu wuya ba. Mun samo na tsohuwar motar ɗaga kaya a sito, muka bar akwatin giya yadda yake. Wuyar tana ga farantin da ke haɗa su: in bakin inji da na giya suka saɓa ko da kaɗan ne, boris zai ci kansa. Wurin mai injin gurza ƙarfe muka kai, da awo a rubuce. Kuma irin wannan inji ba a ba shi cikakkiyar wuta babu kaya a kansa, zai yi ta ƙara gudu har ya tarwatse.

Injin fetur in ba shi da lafiya yana faɗa maka, ka ji tari ko ƙwanƙwasa. Kuran ba ta magana. Lokacin tashi motar tana jan amfiya 300 ko fiye, kuma in wutar ta ninka biyu, zafin da take haifarwa a mahaɗa yana ninka huɗu. Noti ɗaya da bai ɗauru ba ya isa ya narkar da kan batir ba tare da ka ji komai ba. Don haka bayan kowace gwaji nake bin mahaɗa ɗaya bayan ɗaya da ma'aunin zafi. Yaran da suka saba taɓa bolt 12 da hannu na hana su matsowa sai sun cire zobe da agogo, domin daga bolt 60 zuwa sama wutar batir tana da haɗari ga rai, kuma tartsatsinta in ya kama ba ya mutuwa da kansa. Sifanonin da muke aiki da su duk mun naɗe su da roba, mun sa fis babba da makashin gaggawa kusa da hannun direba.

Akwai abin da mutane ke mantawa har sai sun hau titi: birki. Taushin da kake ji a ƙafarka daga iskar da injin fetur ke zuƙa yake fitowa. Babu inji, feda ta yi tauri. Sai an sa ƙaramin famfon zuƙar iska na lantarki da ɗan tanki. Haka fitilu da oda, tunda dinamo ya tafi, suna buƙatar na'urar da ke sauko da bolt 96 zuwa 12.

Caji a soket na bolt 220 yana ɗaukar awa 4 zuwa 5, in NIGELEC, kamfanin wutar Nijar, ta bar wuta. Mun ga yadda gari ya kasance daga Agustan 2023 da Najeriya ta yanke layin da ke kawo mana kuran, don haka maigida ya yi rumfa da farantan sola. Wutar ta fi yawa da tsakar rana, daidai lokacin da batir ya fi zafi, shi ya sa muke fara caji da hantsi, motar tana ƙarƙashin rumfar.

Masu tambayata ko su ma su yi, nakan tambaye su kilomita nawa suke yi a wuni, da kuma inda motar za ta yini. Malamin makaranta ko ɗan kasuwar da ba ya fita gari, mai inuwa a gida, za ta yi masa. Mai jigilar Magariya ko Tanut ya gyara injinsa. Kuma kafin a sayi ko waya ɗaya, a je wurin hukumar sufuri da kamfanin inshora a yi maganar takardu, domin abin da ke rubuce a katin motar fetur ne.