Abin da Douglas Melin ya koya mini game da tsayawa wuri ɗaya

Na fara cin karo da sunan Douglas Melin ne a lokacin da nake haɗa kundin kammala digiri a kan ƙudajen farauta, waɗanda masana ke kira dangin Asilidae. Malamina ya turo ni ga wani aiki da Melin ya wallafa a Uppsala ta ƙasar Siwidin a shekarar 1923, inda ya bi rayuwar waɗannan ƙudaje tun suna tsutsa har su yi fiffike. Sai daga baya na gano cewa wannan masanin dabbobi, wanda aka haifa a 1895, ya wakilci ƙasarsa a gasar Olamfik ta Stockholm a 1912, yana saurayi, a wasan dogon tsalle daga tsaye. Wasa ne da ba a ɗauko gudu a cikinsa: mutum zai haɗa ƙafafu, ya tattara ƙarfinsa, ya yi tsalle. Wani Bagirke, Konstantinos Tsiklitiras, shi ya lashe zinare da mita 3.37, kuma daga wannan shekarar aka cire wasan daga Olamfik.

Wannan labari ya taɓa ni ne domin a lokacin ina ɓata aikina da gaggawa. Nakan shiga gona da koma a hannu ina ta kai-kawo, in dawo da kwalabe cike da matattun ƙwari, amma ba ni da ko layi ɗaya a kan yadda suke rayuwa. Alhali shi ƙudan farauta zama yake yi a kan kara ko dutse cikin rana, yana jira, sai wani ƙwaro ya gifta ya zabura ya cafke shi a iska, ya soka masa baki, ya zuba yawun da ke shanye jiki ya narkar da nama, sannan ya tsotse. Wanda bai iya zama shiru ba, har abada ba zai ga wannan ba. Ranar da na ajiye komar na zauna awa biyu kusa da wani kututture, na rubuta abin da ya fi na wata guda.

Akwai kuma batun jinkiri, wanda a da nake ɗauka kasala ce. Melin ya yi tafiyar bincike zuwa yankin Amazon a shekarun 1920, ya tattaro dabbobi a Birazil da Peru, amma bayaninsa a kan kwaɗin da ya samo bai fito ba sai 1941, shekara biyar kafin rasuwarsa. Wasu kwaɗin da shi ya fara raɗa musu suna, irin waɗanda yanzu ake kira Ameerega bassleri da Rhinella roqueana, har yau suna nan a littattafan masana da sunansa a gefe. Saboda haka na koma kan kwalabena, na sake rubuta wa kowace ɗaya wuri da kwanan wata da irin ƙasar da aka samo ta, domin wanda zai buɗe su bayana ya iya aiki da su.