Abin da rage boltej ya koya mini game da zafin firosesa

A aikin haɗa kwamfutocin wasa da gyaransu, ƙorafin da ya fi yawa shi ne na zafi: fankoki suna ta ƙugi, ma'auni yana haura digiri 90, wasa kuma yana sarƙewa ana tsakiyar fafatawa. Galibin masu kwamfutar sukan zo da shawararsu a hannu, wato a saka babbar na'urar sanyaya mai ruwa. Abin da aikin ya koya mini shi ne a fara duba yawan wutar da ake ɗura wa firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, kafin a kashe ko sisi, domin kusan duk wutar da ya sha zafi take komawa, na'urar sanyaya kuwa aikinta kwashe zafin da aka riga aka haifar.

Wutar da firosesa ke ci tana ƙaruwa ne gwargwadon saurin bugunsa da kuma boltej (ƙarfin turin wutar) da aka ninka da kansa. Saboda haka idan aka rage boltej da kashi 10 cikin 100 ba tare da an taɓa sauri ba, wutar za ta ragu da kusan kashi 19. Sararin yin hakan yana samuwa ne domin ba a taɓa ƙera firosesa biyu suka fito daidai wa daida ba, don haka kamfani yakan ba kowanne boltej ɗin da zai wadaci mafi rauni a cikinsu, har da rara. Wannan rarar ce ake zaftarewa.

Sai dai kafin a kai ga zaftarewa, akwai gyaran da ya fi shi muhimmanci a cikin BIOS, wato shafin saitin tushe da ake shiga kafin Windows ta tashi, kuma shi ne mutane suka fi tsallakewa. Kamfanin Intel ya ƙayyade wa firosesansa Core i9-13900K wat 125 a matsayin tushe da wat 253 a matsayin ƙololuwa, amma madabod (babban allon da ake dasa firosesa a kai) da yawa sun fito daga masana'anta da iyakar da aka buɗe ta haura wat 4000, wanda a aikace yana nufin babu iyaka. Mai kwamfutar yana zaton bai taɓa komai ba, alhali an riga an taɓa masa. A shekarar 2024, da firosesocin Intel na zubi na 13 da na 14 suka riƙa tsayawa cak a tsakiyar wasa, kamfanin ya tabbatar da cewa yawan boltej yana cikin musabbaban lalacewar, ya kuma fitar da gyare-gyare masu lamba 0x129 a watan Agusta da 0x12B a watan Satumba, waɗanda ake samu ta hanyar sabunta BIOS. Gyaran yana kare lafiyayyen firosesa ne kawai, wanda ya riga ya lalace sai dai a sauya shi. Tun daga lokacin ba na fara komai sai na sabunta BIOS na kuma mayar da iyakokin wuta yadda mai ƙera firosesan ya tsara, kuma sau da yawa wannan kaɗai yake sauko da zafin.

A ɓangaren firosesocin kamfanin AMD ana amfani da saitin Curve Optimizer, wanda ya zo da zubin Ryzen 5000, inda a wannan zubin ake iya sauke boltej mataki-mataki har zuwa 30, ko dai ga dukkan ƙwayoyin firosesan (ƙananan sassan da ke raba aiki a cikinsa) ko kuma ɗaya bayan ɗaya. Abin da ke rikita mutane shi ne an tsara Ryzen 7000 ya yi ta ƙara sauri idan aiki ya yi nauyi har sai ya taɓo digiri 95, don haka idan aka rage masa boltej sai ya mayar da ribar ta zama ƙarin sauri, zafin kuma ya tsaya inda yake. Mai son sanyi dole ne ya haɗa da iyakar zafi ko ta wuta, kamar saitin tsimin wuta na Eco Mode da ke sauke Ryzen 9 7950X daga wat 230 zuwa 142, kuma a wasa da wuya a ji bambancin.

Inda na fi daɗewa ina koyo shi ne gwaji. Kwamfuta takan jure manhajojin gwajin nauyi irin su Cinebench ko OCCT na tsawon lokaci lafiya lau, sannan ta mutu ta tashi da kanta a lokacin da ba a komai sai karanta wani shafi. Dalilin shi ne ƙwaya ɗaya takan kai ƙololuwar saurinta ne a ƙaramin aiki, kuma a can ƙarancin boltej yake bayyana. Idan aka buɗe Event Viewer, wato kundin da Windows ke rubuta matsaloli, aka ga saƙon kuskure na WHEA-Logger mai lamba 18, lambar shaida ta APIC da ke jikinsa takan nuna ƙwayar da ta gaza, sai a koma BIOS a mayar mata da mataki biyu ko uku. Manhajar CoreCycler tana taimakawa domin tana matsa wa ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya, kuma ƙwayoyin da suka fi sauri su ne yawanci ba sa jure ragi mai yawa. A firosesocin Intel kuma akwai wata kariyar wuta mai suna CEP, wadda kan rage ƙarfin aiki a ɓoye idan boltej ya yi ƙasa, ta yadda za a ga zafi ya sauka ana murna alhali makin Cinebench ya zube. Shi ya sa nake rubuta maki da zafi da wat daga manhajar awo ta HWiNFO kafin kowane sauyi da bayansa, kuma ba na sauya abu biyu a lokaci guda.

Lambobin da wani ya samu a tasa kwamfutar ba na kwafarsu, ko da samfurin iri ɗaya ne. Idan na gano iyakar da firosesa ke jurewa, nakan ja baya kaɗan kafin na miƙa wa mai ita, na rubuta masa saitin a takarda, domin sabunta BIOS ko cire ƙaramin batirin madabod yakan share komai, kuma sabon BIOS yana iya sauya yadda ake rabon boltej, ta yadda sai an sake gwajin daga farko.