Sojan da barci ya kwashe a bakin ƙofa

Akwai wani zane na Carel Fabritius, mai zane ɗan ƙasar Holan, ɗalibin shahararren mai zane Rembrandt, da ba na gajiya da kallonsa. A 1654 ya yi shi, yanzu yana gidan tarihi na Schwerin a Jamus. Soja ne zaune a ƙofar gari, ya miƙe ƙafa ɗaya, hular kwano ta zamo ta rufe masa ido, bindiga kwance a cinyarsa. Ga wani ɗan baƙin kare a tsugune yana kallonsa. Masana na gardama, wasu su ce barci yake, wasu su ce bindigar yake dubawa. Ni dai mutum nake gani wanda gajiya ta ci ƙarfinsa, kuma tausayinsa nake ji. A watan Oktoban shekarar ce rumbun albarushi ya fashe a garin Delft na Holan, ya hallaka Fabritius yana da shekara 32.

Holan ta yi shekara 80 tana yaƙi da Sifaniya, daga 1568 zuwa 1648. Sai mutum ya zaci dawakai da hayaƙin igwa kaɗai za a riƙa zanawa. Amma bayan da tsagaita wutar 1609 ta ƙare a 1621, masu zane irin su Pieter Codde da Willem Duyster a Amsterdam, da Jacob Duck a Utrecht, suka leƙa inda soja yake kashe yini. Wannan na karta, wancan na zuƙar lofe, wani ya mimmiƙe kan ciyawa yana sharar barci da takalminsa a ƙafa. Rabin aikin soja jira ne, su kuwa sun san haka.

Da yawa daga mayaƙan nan sojojin haya ne daga Jamus da Ingila da Faransa, albashi ne ya kawo su. Shi ya sa zanen Duyster da ke Landan yake tsaya mini a rai. Cikin wata barga, jarumai sanye da tufafin alharini masu walƙiya sun juya wa juna bindiga saboda rabon ganima. Ya ƙawata rigunan har kana jin kamar ka shafa, amma abin da nake tambaya shi ne, kayan nan da suke faɗa a kai, daga gidan wa aka kwaso su? Mutanen ƙauye ne suka fi ɗanɗana kuɗarsu a wannan yaƙi. Attajiran birni kuwa, da ke bayan ganuwa, su ke sayen irin waɗannan zane-zane suna ratayewa a ɗakunansu.