Zafi da batirin waya

Yau da la'asar a shagon mai caji na tarar da wata dattijuwa, batirin wayarta ya kumbura har murfin baya ya ɗago. Mai shagon ya jujjuya wayar ya ce, "Mama, a ina kike ajiye ta?" Ta ce a bakin taga, nan ne kawai ake samun sabis, kada kiran ɗanta daga Legas ya wuce ta. Ashe wayar wuni take yi cikin rana. A hankali ya roƙe ta kada ta sake jona ta, domin batirin da ya kumbura yana iya kamawa da wuta.

Wallahi abin ya tsaya mini a rai. Batirin lithium, irin wanda ke cikin wayoyinmu, ba ya jure zafin da ya haura digiri 35, mu kuwa da bazara muna wuce 40 ko a inuwa. Ga raunin sabis da ke sa waya ta yi ta laluben layi tana shanye caji. Ba wanda ya taɓa zaunar da iyayenmu ya ce su ajiye ta a inuwa, su cire mata riga lokacin caji, kada su bari sai ta mutu kafin a jona. Ni dai ina komawa gida wayar Inna zan fara dubawa.