Godiya bayan kare kundina

Alhamdulillahi, an gama. Jiya na kare kundina na digiri na biyu a kan zaizayar ƙasa, har yanzu jikina bai dawo daidai ba. Kun san faman da aka sha damina biyu, ba sai na maimaita ba.

Abu ɗaya ne ya ƙi barin raina. Ranar da muka koma kwazazzabon da nake bincike a kai bayan ruwan dare, na tsaya a bakin gaɓa da igiyar awo, na saki jiki don marmara ce a ƙarƙashin ƙafata. Tun ajin farko na haddace cewa Francis Buchanan ne ya raɗa mata sunanta na boko, wato laterite, a Indiya a 1807, daga kalmar Latin mai nufin tubali. To wa zai ji tsoro a kan tubali? Malam mai kula da ɗakin gwaje-gwajenmu ya hango wata 'yar tsaga a bayana, bai ce uffan ba, ya fizgo ni ta jakar goyo. Ban gama jin haushi ba wurin da na tsaya ya rufta. Na zauna daɓas, gwiwoyina na rawa. Shi ya naɗe igiyar, ya ce, "Ɗana, kai sama kake kallo, ruwa kuwa gindi yake ci."

Jiya malamin da aka gayyato daga wata jami'a ya tambaye ni abin da ke kayar da gaɓa mai taurin kai haka. Ban duba takarda ba. Na ce a ƙasashe masu zafi da yawan ruwa dutse ruɓewa yake yi can ciki har ya zama yumɓu mai laushi, ruwa ya rarake shi, marmarar sama ta rasa abin da zai riƙe ta. Ina magana ina jin ƙarar ruftawar nan.

Malam, na san ba ka son a ambace ka, ka yi haƙuri. Allah Ya saka maka da alheri, Ya tsare maka zuri'a kamar yadda ka tsare ni, Ya jiƙan mahaifanka. Farfesan da ya duba aikin, Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana. Inna, addu'arki ce. Yaya, kai ka kwana kana shigar mini da alƙaluma a kwamfuta, ban manta ba.

'Yan'uwan da suka ce karatun leƙen rami nake yi, na tura muku rana da lokaci. Wataƙila saƙon bai shiga ba.