Lahadi a Kasuwar Bac Ha

Jirgin ƙasan dare da ke tashi daga Hanoi, babban birnin Biyetnam, yakan isa Lao Cai, garin da ke bakin iyakar Sin, da asuba, bayan ya yi kamar awa takwas yana jan ciki a gefen Jan Kogi. Faransawa ne suka shimfiɗa layin, suka kai shi har Kunming ta ƙasar Sin a 1910. Shi na hau daren Asabar, domin kasuwar Bac Ha ran Lahadi kaɗai take ci. Daga tasha na shiga ƙaramar bas, muka yi ta hawan dutse muna kwana-kwana kusan awa biyu, ga hazo, ga masara an shuka ta a gangaren da akuya ma sai ta yi shawara kafin ta hau.

Garin ƙarami ne, amma ran kasuwa ba masaka tsinke. Mafi yawan masu cin ta 'yan ƙabilar Hmong ne, reshen da ake kira Hmong masu furanni saboda adon matansu. Akwai kuma Tay da Nung da Dao da Phu La, kowa da irin shigarsa. Kakannin Hmong daga kudancin Sin suka gangaro a ƙarni na 18 da na 19, suka tarar an riga an mamaye kwari mai dausayi, sai suka haye kan duwatsu. Yau sun haura miliyan ɗaya a Biyetnam. Wasu tun da duhu suke baro ƙauyukansu, da ƙafa ko a babur, mata da kwando a goye.

Jagorata wata matashiya ce Hmong mai jin Turanci. Ina ƙoƙarin tsayawa a rumfunan bakin ƙofa ta ja ni gaba. "Yaya, bar waɗannan, na baƙi ne. Mu fara da dabbobi kafin a watse."

Ta yi gaskiya. Karar dabbobin tana kan wani tudu a gefen kasuwar, kuma can ne zuciyarta take. Ɓaunayen gida ne jingim, manya, masu faɗin ƙaho, kowace da igiya a hanci, suna tsaye cikin taɓo ba ruwansu da kowa. Mai saye ba ya gaggawa. Zai buɗe bakin ɓauna ya duba haƙora, ya shafa wuya, ya leƙa kofato, ya sa a zagaya da ita ya ga takunta, sannan ya koma gefe ya kunna tabarsa a doguwar lofen gora kamar ba shi ne ke so ba. Abokansa su kewaye shi, kowa na tofa albarkacin bakinsa. Ɓauna ɗaya takan kai gomman miliyoyin dong, kuɗin ƙasar, kuma ita ce garma, ita ce asusun gida. Shi ya sa mutum zai iya kawo tasa, ya ƙi sallamawa, ya kora ta gida, wani makon ya dawo. Jagorata ta ce 'yan ƙananan injunan huɗa sun fara rage wa ɓauna aiki, da yawa yanzu fatake ne ke saye don nama. Kusa da nan akwai gajerun dawakin dutse, da 'yan aladu a ɗaure cikin buhu suna tsala ihu, da 'yan kwikwiyo, da dattawa da suka tsuguna gaban kejin tsuntsaye suna sauraron wanda ya fi murya.

Wajen tufafi kuwa ido sai ya gaji: ja, ruwan hoda, kore, shuɗi, duk a jikin siket guda mai ninki-ninki. Na asali da zaren rama irin tasu ake saƙa shi, a zana shi da narkakken kakin zuma, a tsoma a baba sau da yawa, sannan a bi shi da ɗinkin hannu. Aikin watanni ne. Wata tsohuwa ta miƙo min ƙyalle, na ga hannunta ya rine shuɗi har wuyan hannu, irin na marinan Ƙofar Mata. Na ce, "Iya, ke kika yi?" Aka fassara mata, ta yi dariya ta nuna min siket ɗin da ke jikin jikarta: bugun inji ne daga Sin, mai araha, mara nauyi, mai saurin bushewa. Baƙi na ta ƙorafin wai an bar al'ada. Ni ban ga laifin yarinyar da za ta hau dutse da itace a baya ba idan ta zaɓi abin da bai yi mata nauyi ba.

Rumfunan abinci sai dai kallo. Ga manyan kaskwan thang co, farfesun naman doki da kayan cikinsa, ga naman alade, ga giyar masara ta ƙauyen Ban Pho ana aunawa daga jarkoki. Na tsaya kan dafaffiyar masara da ɗanƙararriyar shinkafa mai launi biyar, wadda da ganyaye da saiwoyi ake rina ta, na kora da shayi mai ɗaci. Maza sun baje a benci suna hira da 'yan'uwan da sai ran kasuwa suke haɗuwa, samari da 'yan mata na satar kallon juna, wani yana gwada khen, abin busa na gora, kafin ya biya.

Wajen ƙarfe goma motocin 'yan yawon buɗe ido suka fara isowa daga garin shaƙatawa na Sa Pa, lokacin an ci rabin cinikin dabbobi. Azahar na yi, an fara naɗe tabarmi.

Kafin motar komawa na taka zuwa fadar Hoang A Tuong, gini mai ruwan ɗorawa da aka fara a 1914 aka gama a 1921, rabi tsarin Faransa rabi na Sin. Gidan sarautar Tay ne da suka riƙe yankin a ƙarƙashin Turawa, kuma da haraji da aikin tilas na mutanen duwatsun nan aka tayar da shi.