Hanyar Karakoram: Na Sake Zana Tafiyar Saboda Ƙanena

Shekara biyu ke nan ina zaune a Islamabad ina karatu, kuma tun zuwana nake da burin bin hanyar Karakoram, wadda ta tashi daga Hasan Abdal ta ratsa duwatsu har Kashgar ta ƙasar Sin, kimanin kilomita 1,300. Bana Allah Ya nufa. Mun yi tsada da wani direba ɗan Gilgit mai mota ƙirar Prado, mun tsai da ƙarshen Satumba, lokacin da ruwan damina ya ɗauke, zaftarewar ƙasa ta yi sauƙi, ƙanƙara kuma ba ta kai ga toshe hanya ba. Mu uku ne: ni, da wani abokina, da ƙanena da ya zo karatu bara.

Tsarina na farko gajere ne. Mu kwana a Naran, mu haura mashigar Babusar mai tsayin mita 4,173, mu gangara Cilas, mu wuce Gilgit da Hunza, sannan mu ƙare a Kunjerab, kan iyakar Pakistan da Sin, inda tsayin ya kai mita 4,693. Na yi ta nuna wa ƙanena hotunan ƙofar nan ta kan iyaka, shi ma har ya sayi rigar sanyi da safar hannu.

Hajiya ce ta ruguza wannan tsari da tambaya ɗaya a waya: "Ka dai tuna jinin ƙanenka AS ne ko?"

Na tuna, amma ban taɓa haɗa shi da hawan dutse ba. A gida mun saba da cewa mai AS lafiyarsa ƙalau, sai in an zo maganar aure ake tono gwajin. Na je na sami likita, ya zaunar da ni ya yi mini bayani. A wuri mai tsayi kamar Kunjerab, iskar da mutum yake shaƙa ba ta kai kashi 60 cikin 100 na wadda yake samu a bakin teku ba. Idan jini ya rasa isasshiyar iska, ga sanyi, ga ƙarancin ruwa a jiki, ƙwayoyin jinin mai AS ma suna iya lanƙwashewa su toshe jijiyoyin saifa. Alamarsa ciwo mai tsanani a gefen hagu, ƙarƙashin haƙarƙari. Ba kowa yake samu ba, amma wanda ya samu a can sama, tsakaninsa da babban asibiti tafiyar sa'o'i ce. Abin ya daɗe yana yi mini yawo a rai, domin kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da wannan jini, kuma ban taɓa jin wani ɗan uwanmu mai shirin zuwa Hunza ya ambata ba.

Don haka na jingine Babusar gaba ɗaya. Za mu bi tsohuwar hanya ta Besham da Dasu, wadda take bin gaɓar kogin Indus. Ta fi tsawo, ta fi gajiyarwa, ga manyan motoci, amma hawanta a hankali ne. Kwana ɗaya a Besham, ɗaya a Cilas, biyu a Gilgit mai mita 1,500, ya ɗan ɗara Jos. Daga nan sai Karimabad ta yankin Hunza, wadda tsayinta ya yi kusa da na Chappal Waddi, dutse mafi tsayi a Najeriya mai mita 2,419. A nan ƙanena zai tsaya, bisa sharaɗin likita: ya yawaita shan ruwa, kada ya yi aikin ƙarfi, kuma da zarar ya ji ciwo mu juya ƙasa.

Bai ji daɗi ba. "Yaya, na zo har nan a ce in tsaya a rabin hanya?" Na ce masa Karimabad ba rabin hanya ba ce. Daga nan ake hango Rakaposhi mai mita 7,788, a nan tsohuwar fadar Baltit take, kuma tafkin Attabad yana kusa, wanda bai wanzu ba sai a Janairun 2010, da dutse ya zaftaro ya binne ƙauye ya tare kogin Hunza.

Sauran shirin ƙananan abubuwa ne. Kwafin fasfo da biza masu yawa, saboda shingayen da ake rubuta sunan baƙi. Tsabar kuɗi a hannu. Layin waya na SCOM, wanda ya fi kamawa a yankin. Cika tanki a Sost, gari na ƙarshe kafin iyaka, kafin hawan ƙarshe. Direba ya ce ba ya tuƙin dare a Kohistan, yankin da Dasu take, na ce ko da ya so ba zan yarda ba.

Abin da ban yanke ba shi ne ko ni kaina zan haura Kunjerab. Daga Karimabad zuwa can da dawowa yini guda ne cur, kuma ba ko'ina waya take shiga ba. Abokina ya ce zai zauna da ƙanena in je in dawo. Jiya na sake buɗe taswirar, na duba nisan, na tuna ni Hajiya ta damƙa wa amanar yaron nan a filin jirgin Kano. Har yanzu ban ba direba amsa ba, ya ce in sanar da shi kafin Juma'a.